Allurar da Ba Ta Jiran Babban Baƙo

Akwai wata ranar Alhamis da ko tsufa ya kai ni inda zan riƙa rikita sunayen jikokina, ita dai ba za ta fita daga raina ba. Shekaru sun wuce, an ba da labarinta a gidanmu ya fi a ƙirga, amma duk wanda ya ba da shi ba daidai ya bayar ba, domin daga bakina suka ji. Yau ne karo na farko da zan faɗe shi yadda ya faru.

Sana'ata buga katin gayyata. Ina da ɗan shago a Kankia, kwamfuta ɗaya, injin bugawa ɗaya, da janareta mai ra'ayin kansa. Ɗaurin aure, walimar sauka, taron tsofaffin ɗalibai, ƙaddamar da asusun ƙungiya, duk ta hannuna suke bi. Kuma da yake Allah ya yi ni da baki, yawancin tarukan da na buga wa kati ni ake miƙa wa lasifika in gabatar. Saboda haka na san lokacin da ake rubutawa, na kuma san lokacin da ake farawa, kuma na san ba su taɓa gaisawa ba.

Mutum zai shigo shagona ya ce suna so su fara taro bayan azahar, ƙarfe nawa za a rubuta? Ni ba na duba agogo, tambaya ɗaya nake yi: wane ne babban baƙo? Idan hedimasta ne, sai in ce a sa sha biyu. Idan kansila ne, sha ɗaya. Idan kuwa wani ne zai taso daga Katsina da jiniya, to ƙarfe tara na safe za a rubuta, in ƙara "daidai" da manyan baƙaƙe, a ƙasa kuma in sa "ba a son makara". Babu wanda aka yaudara. Ni ina ragewa, mai karanta kati yana ƙarawa, sai a haɗu a tsakiya. Masu zuwa a kan lokacin da aka rubuta kashi biyu ne kawai, masu kafa rumfa da tsofaffin malaman makaranta da suka yi ritaya. Su nake lallashi da lasifika ina cewa, "Jama'a a ƙara haƙuri, yanzun nan aka shaida mana babban baƙonmu ya wuce Charanchi," alhali na san mutumin ko wanka bai shiga ba. Ina alfahari da wannan ilimi ƙwarai. A ganina shi ne bambancin wanda ya san duniya da wanda bai sani ba.

Mahaifina manomi ne a wani ƙauye kusa da Dudunni, ta ƙasar Kusada. Gero, dawa da wake, su ya sani, kuma bai taɓa ɗaura agogo ba. Ni ne ɗansa na fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba, "kai" kawai yake cewa in amsa. Ciwon ya fara masa da wahalar fitsari, ya ɓoye shi kusan shekara saboda kunya. Sai da baya ya fara hana shi sunkuyawa sannan ƙannena suka kira ni. Na kai shi asibiti a Katsina, aka yi ta gwaje-gwaje, daga ƙarshe likita ya zaunar da ni ya ce ciwon daji ne, irin wanda ke kama dattawa maza a ƙasan mafitsara.

Likitan mutum ne mai bayani. Ya ce abin da yake so ya sani yanzu shi ne ko ciwon yana nan inda ya fara, ko ya tsallaka cikin ƙashi, domin maganin wannan daban, na wancan daban, kuma ba zai kama hanya ɗaya da ka ba. Hoton da muka saba yi ba zai nuna da wuri ba. Akwai wani na musamman a sashen da ake kira na nukiliya: za a yi wa Baba allurar wani sinadari mai fitar da haske wanda ido ba ya gani, sinadarin ya bi jini ya taru a duk inda ciwo ke cin ƙashi, sannan wata na'ura ta ɗauki hoton jikin gaba ɗaya. Asibitin da ake yi yana wani babban birni, tafiyar wuni guda daga wajenmu. Shi da kansa ya nema mana rana, ya miƙo mini takarda. An rubuta Alhamis, ƙarfe takwas na safe, a zo a kan lokaci, an kuma ja layi biyu a ƙasa da jan biro.

Da na ga layukan nan biyu sai na yi murmushi. Na ga aikin ɗan'uwana a sana'a. Ni manyan baƙaƙe nake sawa, shi jan biro yake ja, amma duk abu ɗaya muke nufi. Nan take na yi lissafi a zuciyata: asibitin gwamnati, babban birni, manyan likitoci, takwas ɗin nan ba za ta gaza sha ɗaya ba, in ma an yi sauri.

Muka tashi ranar Laraba da sassafe, lokacin ana tsakiyar noman farko, Baba yana ta waiwayen gonaki ta tagar mota. Muka isa bayan la'asar, muka sauka gidan wani ɗan'uwanmu. Ni kuwa tun a hanya na gama tsara shirina. Akwai wani babban mutum ɗan yankinmu da ke zaune a birnin, wanda na sha gabatar da tarukansa a gida. Na taɓa yi masa kirari na minti goma ba tare da na maimaita kalma ba, har ya nuna ni da yatsa ya ce, "Wannan namu ne." A sanina ba a shiga babban wuri hannu rabbana. Sai da katin wani, mai ɗan rubutu a baya. Da kati, layi ba naka ba ne.

Da aka idar da sallar asuba na tarar Baba har ya shirya. Ya sa hularsa, ya ɗora jakar takardun a gwiwa, yana zaune a bakin katifa. Na ce masa za mu fara biyawa gidan Yallaɓai tukuna.

Ya ce, "Kai, ba takwas anka ce ba?"

Na ce, "Baba, wannan takwas ɗin takarda ce. Suna rubuta haka ne don mutane su taru. Mu in muka je da kati, ko zama ba za mu yi ba."

Ya ce, "To. Ku kunka yi boko."

Bakwai da rabi muna gidan. Aka shigar da mu wani falo da ya fi masallacin ƙauyenmu girma, kuma a cike yake da mutanen gida. Ga na Kafin Soli, ga na Fakuwa, kowa da ambulan a hannu, wannan ɗansa ya gama makaranta yana neman aiki, wancan rijiyar unguwarsu ta rufta. Muka gaisa kamar a kasuwar Kankia. Na kashe ƙarar wayata, domin ba tarbiyya ba ce wayarka ta yi kuka a falon babban mutum. Wani mai kaftani mai sheƙi, wanda ke kula da baƙi, ya leƙo ya ce, "A ƙara haƙuri, Yallaɓai yana saukowa."

Wallahi na gane jimlar. Tawa ce, har da yadda ake jan muryar a ƙarshe. Duk mai hankali da a nan ya ɗauki mahaifinsa ya fita. Ni kuwa sai na ji wani irin daɗi, na ce a raina ashe ko a birni haka ake aikin, na gyara zama.

Ƙarfe tara aka kawo shayi da burodi. Baba bai taɓa ba. Kujerar mai laushi ce, irin wadda mutum ke nutsewa a ciki, kuma bayansa ba ya son haka, don haka ya zame ya zauna a ƙasa ya jingina da bango. Wajen goma ya taɓa ƙafata ya ce a hankali, "Rana ta yi hwa." Na ce yanzu zai sauko, Baba. Mai kaftani ya sake leƙowa sau biyu, kowane zuwa Yallaɓai yana ƙara kusantowa, amma bene bai ƙare ba.

Sha ɗaya da rabi ya sauko, ƙamshin turarensa ya riga shi. Gaskiya ya karɓe mu da fara'a. Ya rusuna ya gaida Baba, ya ce ai su Baba su ne iyayen ƙasa, su ke ciyar da mu. Na fara bayanin ciwon, ban kai rabi ba ya zaro kati ya rubuta a baya, "A taimaka wa mai ɗauke da wannan," ya sa hannu. Bai tambayi wane asibiti ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, wa zan kai wa?" Ya ce, "Duk wanda ka samu." Kafin mu fita mai kaftani ya ce a tsaya a ɗauki hoto. Aka tayar da Baba tsaye, Yallaɓai ya dafa kafaɗarsa, aka ɗauka sau uku saboda a na farko Baba ya yamutsa fuska. Daga baya na ga hoton a waya, an rubuta a ƙasa cewa Yallaɓai ya tallafa wa wani dattijo marar lafiya. Shi ne kaɗai hoton da aka yi wa Baba a wannan tafiyar.

Ga cunkoson motoci, ga asibitin kansa gari guda ne, sai da muka yi tambaya wuri huɗu. Ƙarfe ɗaya saura muka isa sashen. Wuri ne shiru, da wata alama ruwan ɗorawa a jikin ƙofa. Mutane kamar bakwai na zaune a benci, kowa da gorar ruwa a hannu. Na ga ba layi, na kalli Baba da irin kallon "ka gani ko?"

Ma'aikaciyar da ta karɓi takardarmu dattijuwa ce, Bahaushiya, da farar riga a kan atamfa. Ta karanta, ta dubi agogon bango, ta dubi Baba, sannan ta dube ni.

Ta ce, "Malam, mun kira sunan Baba ƙarfe takwas. Mun kira takwas da rabi, mun kira tara. Lambar da ke takardar nan sau biyar na buga ta da hannuna."

Na zaro wayar, ga su nan kuwa, biyar. Amma ban damu ba, ai ina da abin da ya fi waya. Na sa hannu a aljihun gaba, na fito da katin a hankali yadda kowa zai gani, na ajiye a kan teburinta. Ta ɗauka, ta karanta gaba, ta juya ta karanta baya, ta miƙo mini da hannu biyu cikin ladabi.

Ta ce, "Ni na karanta, kuma na girmama mai shi. Allurar ce ba ta iya karatu ba."

Sannan ta yi mini bayani, ba tare da ta ɗaga murya ba, irin bayanin da ake yi wa wanda ake tausayi. Ta ce wannan magani ba irin na kanti ba ne da za a ajiye a kwali sai mai shi ya zo. Da safe ake haɗa shi, kuma daga lokacin da aka haɗa yake fara mutuwa. Duk bayan awa shida rabin ƙarfinsa ya tafi, ko an yi amfani da shi ko ba a yi ba, ko a firij yake ko a rana. Abin da ake tatso shi daga ciki ma daga ƙasar waje ake kawo shi a jirgi, shi ma kullum raguwa yake, kuma yau ce rana ta ƙarshe da yake da sauran ƙarfin da zai yi hoto mai kyau. An auna na mutum-mutum daidai adadin waɗanda aka rubuta. Bayan allura kuma sai an jira awa biyu zuwa uku kafin a hau na'ura, waɗannan na benci abin da suke jira ke nan. Ta ce, "Da tara da rabi ta yi ba ku zo ba, ba zan zuba ido ya lalace a banza ba. Na ba wa wata baiwar Allah."

A nan ne muryar lasifika ta taso mini. Na tambaye ta ko ta san wanda ya ba da katin nan. Na ce a kira mini shugaban wurin. Aka kira shi, wani likita siriri mai gilashi, ya saurare ni har na gama, ya maimaita abin da ta faɗa da ƙarancin kalmomi. Na fita baranda na buga wa Yallaɓai waya. Mai kaftani ne ya ɗauka, ya ce Yallaɓai yana ganawa, amma yana fitowa.

Da na dawo na tarar wata mata ta taso daga benci ta durƙusa a gaban Baba. Ramammiya ce, mayafinta ya koɗe, takalmin roba ne a ƙafarta. Ashe tun Litinin take zuwa kullum da asuba ta zauna, ba ta cikin waɗanda aka rubuta, tana jira ko Allah zai sa wani ya fasa. Ta ji duk abin da ake yi.

Ta ce, "Baba, ashe ku ne ba ku zo ba. Tun safe nake yi wa mai rabon nan addu'a ban san shi ba. Ku yafe mini."

Baba ya ce, "Ba ki yi mana komi ba, ɗiyata. Naki ne. Allah shi ba ki lahiya."

Na tambayi ma'aikaciyar yaushe za mu dawo. Ta ce sai an kawo wani daga ƙasar waje, kuma ba ta da ranar da za ta ba ni, domin abin ba a hannunsu yake ba. Ta ce za su kira. Ta ƙara da cewa, "Ka bar wayar da ƙara."

Washegari muka kamo hanya. Duk ramin da mota ta faɗa sai in ji Baba ya ja numfashi ta haƙori, amma bai ce mini uffan ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ni kuwa, maimakon in yi nadama kamar mutum, sai na shiga aikin da na iya. Kafin mu iso Kankia na gama tsara sanarwa. Da ƙannena suka tarye mu suna tambaya, na girgiza kai na ce, "Mun je, sun ce maganin ya ƙare." Ku duba jimlar nan da kyau, babu ƙarya ko ɗaya a cikinta. Mun je. Sun ce ya ƙare. Shekara ashirin ina gabatar da taro, na san yadda ake shirya gaskiya ta tsaya a inda ba za ta taɓa kowa ba.

Sai 'yan dubiya suka karɓa daga nan. Baba yana kwance a tabarma a zaure, mutane suna shigowa rukuni-rukuni, kowa sai ya tofa albarkacin bakinsa a kan asibitocin ƙasar nan. Wannan ya ce ai talaka ba shi da gata, wancan ya ce an sayar da maganin ne ta bayan fage. A mako na biyu labarin ya samu wata nas mai wulaƙanci. A mako na uku an gano wadda aka ba wa allurar Baba: matar wani minista ce, ta zo da motoci uku, ko layi ba ta bi ba. Ban ƙirƙiri wannan ba, amma da aka faɗa a gabana na yi tsaki tare da kowa. Ƙanwata har cewa ta yi, da ba don Yaya ya samo katin Yallaɓai ba, ko ƙofa ba za a bari su shiga ba. Na sunkuyar da kai irin na mai tawali'u. Baba yana jin duk wannan, iyakarsa ya ce, "Allah shi kyauta."

Mako bakwai muka yi muna jira. A cikinsu Baba ya tashi daga mai tafiya da kansa ya koma mai sanda, daga sanda ya koma sai an kama shi. Likitansa na Katsina ya ba da abin da zai iya bayarwa na rage ciwo, yana tambaya kullum ko an kira. Wayata kuwa ta zama kamar jaririya, ko alwala zan yi tana gefen butata kusa da ni, janaretan shago ma don cajinta nake tayar da shi. A wannan lokacin ne wani ya zo buga katin walima ya tambaye ni ƙarfe nawa za a sa. Na ce ya sa lokacin da za su fara. Ya kalle ni ya ga ko wasa nake, da ya ga ba wasa ba ne ya naɗe takardarsa ya tafi wani shagon.

Ranar da aka kira, ma'aikaciyar nan ce da kanta. Ta ce Talata, kuma wannan karon ba sai an ja mini layi da jan biro ba. Mun riga masu shara isa ƙofar sashen. Ta fito da allurar a cikin wani ɗan kwano mai nauyi na dalma, ruwan ciki bai cika cokalin shayi ba. Baba ya leƙa ya ce, "Wanga ɗan abin ne munka yi ma tahiya biyu?" Ta yi dariya ta ce shi ne, Baba. Aka yi masa a jijiyar hannu, aka ce ya yi ta shan ruwa yana zagayawa, kuma ranar ya ɗan nisanci ƙananan yara da masu ciki. Bayan awa uku aka kwantar da shi a wani siririn gado, na'urar ta riƙa bin jikinsa a hankali daga kai har ƙafa, ba ta taɓa shi ba, ba ta yi ƙara ba.

Na ga hoton a hannun likitansa a Katsina bayan kwana biyu. Ƙasusuwan mutum ne cikakku, ƙanana a kan takarda, kai da haƙarƙari da ƙafafu. Ban taɓa tunanin mahaifina yana da ƙwarangwal ba, a wurina shi Baba ne kawai. A gadon baya akwai ɗige-ɗige baƙaƙe, akwai a ƙugu, akwai biyu a haƙarƙari. Likitan ya nuna su da bakin biro ya ce ciwon ya shiga ƙashi. Ya ce yanzu ba maganar cire shi ake ba, maganar rage masa gudu ce da sauƙaƙa wa Baba, kuma akwai abin da za a iya yi sosai ta wannan fannin.

Na bari aka fita da Baba, na rufe ƙofa, na gaya wa likitan abin da ban gaya wa kowa ba. Sannan na tambaye shi: da an yi hoton nan mako bakwai da suka wuce, da ɗige-ɗigen nan suna nan?

Ya daɗe yana juya biron. Ya ce, "Mai yiwuwa suna nan, ciwon bayan ya riga tafiyarku. Mai yiwuwa kuma ba su kai haka ba. Ba zan ce maka e ba, ba zan ce maka a'a ba. Hoton da zai ba ka amsa shi ne wanda ba a ɗauka ba. Abin da na tabbata shi ne da mun fara maganin da ya dace tun lokacin, da bai sha wahalar da ya sha ba."

A hanyar komawa Baba ya ce in bi da shi ta gona. Gero ya fitar da kai, ƙannena sun yi ƙoƙari. Na tsayar da mota a bakin gonar na buɗe masa ƙofa, bai iya fita ba, daga zaune yake kallo. Na tattara duk ƙarfin halin da nake da shi na ce, "Baba, ranar nan da muka fara zuwa, ni ne..."

Ya ce, "Na sani. Ai ina wurin."

Ya ci gaba da kallon geron, ya ce shi bai faɗa wa kowa ba, ni ma kada in faɗa yanzu. Ya ce ƙannena suna ganin girmana, kuma nan gaba kaɗan za su buƙaci wanda suke ganin girmansa. In ya so bayan ransa, ranar da na ga zan iya, in faɗa. Sannan ya juyo ya dube ni, abin da ba ya cika yi ba.

Ya ce, "Abu guda dai. Matar nan da aka cewa matar minista ce, kai ka ga takalminta. Ka bar bari ana zaginta a zaurena."

Ban yi kuka a gaban likita ba, amma a bakin gonar nan na yi, shi kuwa ya kau da kai ya bar ni na gama. Daga ranar duk wanda ya ɗauko zancen matar minista sai in ce a bar maganar, ba haka aka yi ba. Ba su tambayi yadda aka yi ba, ni ma ban ƙara ba. Maganin ya karɓe shi, ya samu sauƙi har ya koma zuwa masallaci da sanda, ya ga girbin shekarar da na wadda ta biyo. Bayan nan Allah ya karɓi abinsa.

Ƙannena za su karanta wannan, kuma ban san da wane ido za su dube ni ba. Abin da na koya dai shi ne, duk wayon da nake taƙama da shi na juya mutane ne kawai, kuma ya yi aiki ne saboda mutane suna da kara, suna zama su jira ko ransu ba ya so. Ciwo ba shi da kara, magani ma ba shi da ita. Idan wanda ya san aikinsa ya gindaya maka sharaɗi, kada ka auna shi da ha'incin taka sana'ar, ka bi tukuna, in kana da tambaya ka yi ta bayan ka isa. Na yi imani kwanan Baba ne ya ƙare, babu wanda zai ƙara masa ko ya rage. Amma mako bakwai ɗin da ya yi a kan tabarma yana cije leɓe, yana kuma rufa mini asiri, wannan ba asibiti ba ne, ba gwamnati ba ce, ni ne.